Rijiyar Gidana da Madubin Surukina

Assalamu alaikum. Ranar da nake son ba ku labarinta mu bakwai ne a zauren gidana a nan Azare. Akwai ni, akwai ƙanen marigayi mijina wanda shi ne waliyyin 'yata, akwai limamin unguwarmu, akwai mijin 'yar tawa da yayansa da ya taso takanas daga Yana, sai wani Ibo mai sayar da kayan lantarki a kasuwa wanda ban gayyata ba. Ta bakwai ita ce 'yar tawa, tana kwance a kan tabarma a bayan ƙofar shiga gida, da cikin wata shida, jikinta kamar garwashi. A tsakiyarmu kuwa, cikin daro, akwai wani baƙin ƙarfe mai wuya a karye wanda saboda shi aka taru. Ba zan faɗi sunan kowa ba. Ban yi boko ba, maƙwabciyata malamar makaranta ce take rubuta mini, kuma na ce da ita kada ta gyara mini magana don ta rufa mini asiri.

A lokacin ni mace ce da ake shakka. An haife ni a Udubo, aure ya kawo ni Azare, mijina ya rasu ya bar ni da gida da sana'ar daddawa. Ba na dariya a banza, kuma ba a shiga lungunmu ko a fita ban sani ba. Idan tsintsiyata ta matsa daga inda na jingine ta sai na bi sawun wanda ya taɓa ta. Ina ɗaukar wannan hali a matsayin hankali, mutane ma suna zuwa neman shawarata saboda shi. Abin da nake taƙama da shi a duniya bayan 'yata shi ne rijiyar da mijina ya haƙa a tsakar gida, mai ruwa garai da sanyi ko a tsakiyar bazara. Shekara talatin ban taɓa ɗaukar bokiti na je famfo ba, sai dai a zo gidana a roƙa.

Yarinyar nan 'yar fari ce, ita kaɗai kuma ta rayu. A tarbiyyarmu ba na kiran sunanta, ba na zama mu yi hira, idan ta kawo magana sai in kau da kai in amsa wa bango. Mijinta kuma suruki ne, tsakanina da shi sai gaisuwa. Duk Juma'a yakan zo ya cire takalmi tun daga waje, ya tsuguna a zaure, in amsa daga bayan asabari, in tura masa ruwa a kwanon sha, ya sha ya tafi. Shekara huɗu da auren ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba. Mai gyaran agogo da rediyo ne, ba shi da hayaniya, wannan shirun nasa ma tun farko bai kwanta mini ba.

Ƙarfen nan a wurin 'yan gwangwan ya tsinto shi, cikin tarkacen da suka sayo daga wani tsohon ɗakin magani da aka rufe. Madubin likita ake ce masa, irin wanda ake leƙawa a ga abin da ido ba ya gani. Daga baya ne na san irin wahalar da ya sha a kansa. Ya same shi da tsatsa, marfin da ake murzawa ya cinye haƙoransa, sai ya ciro haƙoran wani tsohon agogon bango ya goge su ya dasa masa. A ƙasansa akwai ɗan madubi zagayayye mai kamo hasken rana, ya cire shi ya sa ƙwan tocila, da fararen tocilan nan 'yan China suka shigo ya sake canzawa, ya haɗa masa mamurɗin ƙarar rediyo don ya riƙa rage haske yana ƙarawa. Gilasan da ake ɗora abu a kai da hannunsa ya yanka daga fasasshiyar taga. Idanun ƙarfen na asali, wato 'yan gilasan da suke ƙara wa abu girma, sun dushe, shi ne ya roƙi Ibon nan ya nemo masa sababbi a Kudu, ya yi wata bakwai yana jiran mafi ƙarfinsu. Da wayar hannu mai ɗaukar hoto ta fara shigowa gari, har ita ya ɗaure a bakin abin da robar tayar keke. Ba sana'a yake yi da shi ba, ba wanda ya sa shi, sha'awa ce kawai. Ni kuwa ban taɓa yarda cewa magidanci zai ɓata shekara biyu a kan abin da ba ya kawo ko ƙwayar gero ba sai da wata manufa.

Ranar da na fara ganin ƙarfen nan na je barka ne a maƙwabtansu, na ce bari in leƙa. Da rana tsaka na tarar da tagar ɗakinsa a rufe da bargo. Na sa ido ta gefen ƙofa, sai ga shi a durƙushe a gaban ƙarfen, haske yana fitowa daga ƙasa yana haska masa fuska, yana magana shi kaɗai. A gefensa akwai matsefin 'yata, ya zare gashi daga jiki ya shimfiɗa a gilashi. Akwai fiffiken ƙuda, akwai ɓawon albasa, akwai 'yan kwalaben allura jere da ruwa a ciki, kowacce da takarda a manne. Ina tsaye ya kira ta, ta miƙa masa yatsa tana dariya, ya soka mata allura ya ɗiga jinin. Ku gaya mini, macen da ta tashi a ƙauye ta ga gashi da jini da rubutu a ɗaki mai duhu, me za ta kawo a ranta? Na koma gida. Ban tambayi kowa komai ba, na dai ƙara buɗe ido.

Ban daɗe ina jira ba. Wata Juma'a cikin rani na hango shi ta ramin asabari ya tsiyaya ruwan da na ba shi a 'yar kwalba, sannan ya shanye sauran. Bayan damina ya sake yin haka. Juma'ar da ta biyo baya kuwa ya ɗaga kwanon ya kai baki, ya ajiye, na duba na ga ko ɗigo bai ragu ba. A wurinmu wanda ya ƙi ruwan gidanka ya gama zaginka. Kwana biyu sai ga 'yata ta zo wuni da jarka a hannu, ta zauna a ɗakin da aka haife ta tana shan ruwan da ta taho da shi. Ta sunkuyar da kai ta fara cewa wai Malam ya ce da Inna za ta riƙa tafasa ruwa, ban bari ta ƙarasa ba, na ce da bango a gaya wa Malam ruwan nan shi ya raini matarsa tun ba ta da haƙori. Washegari mai garuwa ya yi sallama da jarkoki biyu na ruwan burtsatse, wai an biya, a sauke mini kullum. Na ce ya mayar wa wanda ya aiko shi, ba na shan abin da ban ga ɗibansa ba. A daidai kwanakin nan kuma cikina ya fara murɗa, gudawa ta ƙi tsayawa, na rame. Sai lissafin ya haɗu mini tsaf: ya ɗebi ruwana ya kai wa ƙarfensa, ya hana matarsa sha don kada abin ya same ta, ni kuma ga ni ina ƙarewa. Na ce so yake ya raba ni da 'yata, ya gaje gidan.

Abin da ban sa a lissafin ba shi ne masai. Tsohon ya cika, kafin damina na sa aka haƙa sabo. Masu haƙa sun ce wurin da na nuna ya yi kusa da rijiya, na ce ba zan sa baƙi su riƙa jin wari daga zaure ba, kuma ba yaran jiya ne za su tsara mini gidana ba. Suka haƙa inda na nuna.

Wata safiya na daidaici ya tafi kasuwa, na shiga gidansa ba sallama. Na ce da 'yata ta ɗauki mayafinta. Ta fara kuka tana cewa ba abin da nake zato ba ne, na ce idan ta ƙara kalma ɗaya ban yafe nonona ba. Ta bi ni. Ƙarfen kuma na naɗe shi a zane tare da akwatin gilasan na ɗora a ka. A wurinmu idan aka tono asiri kashe shi ake yi kafin a nuna wa mutane, don haka na tace ruwan toka mai kauri na zuba kanwa, na dulmuya shi a daro, na kife da faifai. Kwana tara yana ciki. Kwana taran nan kuma na sa aka yi wa 'yata rubutun karya sammu, ni da hannuna nake wanke allon da ruwan rijiyata ina tsaye a kanta sai ta shanye. Jarkar da mijinta yake aikowa a ƙofa nake tuntsurar da ita. A rana ta shida zazzaɓi ya rufe ta, ga ciwon ciki, ga amai. Na ce asirin ne yake fita. Na aika wa ƙanen mijina cewa ya tara mutane, takardar saki nake so a karɓar mini.

To, shi ne zaman da na fara da shi. Na ajiye kunya gefe na zauna a zauren da kaina, na zayyana komai, gashin da jinin da kwalaben da ruwan da aka ƙi sha. Na fito da ɗan madubin nan zagayayye da na samu a akwatin na ce ga abin dubansa. Ƙanen mijina, da yake abokin wasana ne, ya leƙa daron ya ce matarsu ta yi ƙoƙari, shekara arba'in yana cin girkina bai taɓa ganin na jiƙa ƙarfe kamar za a yi daddawa da shi ba, yaushe za a sauke a ɗanɗana. Ban yi dariya ba. Ibon nan kuwa da ya ga abin a cikin toka sai ya dafe kai, ya ce da ni Mama, cikin Hausarsa mai kauri, wai idon nan ɗaya sai da ya zaga shaguna har ƙafarsa ta kumbura, mai shi ma da ƙyar ya sayar, in da tsafi ne ai da shi ya fara yin kuɗi ya bar sayar da soket. Na ce ai dole ya kare shi, tare suke ci.

Liman ya ce a bar mai abu ya yi magana. Surukina bai ɗago ba. Ya ce shi ba likita ba ne, mai gyaran agogo ne da Allah ya jarabta da son kallon ƙananan halittu. Ya ce cikin rani ya duba ruwan Inna ya ga kusan babu komai, har ya yi wa abokansa alfahari da shi. Bayan damina ya sake dubawa ya ga abin da ya hana shi cin abinci, ya zaga bayan katanga wari ya nuna masa inda sabon masai yake, sai ya gane. Ya ce ya rasa bakin da zai gaya wa surukarsa cewa bayan gidanta yana shiga ruwan shanta, ya aika matarsa an katse ta, ya aika mai garuwa an kore shi. Yayansa ya ce ai da ya zo Yana ya faɗa masa da shi ya zo ya faɗa, shi ba ya jin kunyar kowa. Ƙanen mijina ya ce da ya zo da shi ma an jiƙa shi a daro.

Na ce duk zance ne, a nuna mini. Surukina ya tsamo ƙarfen ya juya shi a hannu. Fitilar ta mutu, wayoyin sun yi kore, sababbin idanun nan duka toka ta shige su sun yi fari fat kamar idon makaho. Ya daɗe yana kallon babban cikinsu, sannan ya sa shi a aljihu. Ya ciro wani gwangwanin madara da ya taho da shi daga shago, a ciki akwai tsofaffin idanun da ya cire tun farko. Ya wanke ƙarfen ya goge da gefen rigarsa, ya ɓalle fitilar da ya yi wata da watanni yana haɗawa, ya roƙi liman ya karɓar masa ɗan madubin da ke hannuna, ya mayar da shi gurbinsa. Ya matsa bakin ƙofa inda rana take, ya juya madubin har haske ya hau.

Ban yarda ya taɓa ruwan ba. Na ce ni zan ɗebo, da gugata, a kwanona. Gilashin ma ni na zaɓa, na wanke shi da sabulu sau uku, na ɗiga ruwan da tsinken tsintsiya daga gindin kwanon. Liman ya fara leƙawa, ya yi salati ya ja da baya, ya sake komawa. Ƙanen mijina ya leƙa, wasan ya ɗauke daga fuskarsa. Da na sa idona da farko ban ga komai ba sai farin wata, surukina ya ce a gaya wa Inna ta murza marfin a hankali. Na murza, sai ga su. Wasu kamar ƙwayar shinkafa suna gudu suna karo da juna, wani mai gashi a baki yana juya shi, wani siriri yana lanƙwasa kamar tsutsar ciki. A ɗigo ɗaya. Na ɗago na ce a cikin ƙarfen suke zaune, shi ya zuba su. Ya ce a cire gilashin Inna ta sake dubawa. Na duba, fili. Na ce a kawo ruwan butar liman, wanda ya ɗebo a famfon masallaci. Na duba, sai 'yar ƙura. Na shiga gida na tafasa na rijiyar da kaina na kawo, babu mai motsi. Na sake zura guga na ɗebo sabo, suka dawo. Sau huɗu ina gwadawa ina neman inda ya yi mini wayo, ban samu ba. Surukina ya ce kada a ɗauka waɗannan ne ciwon kansa, masu kawo ciwon sun fi su ƙanƙanta, tsohon idon nan ba zai kai gare su ba, amma ruwan da ya tara rai haka akwai abin da yake tsiyaya cikinsa. Liman ya tashi ya auna da ƙafarsa daga bakin masai zuwa bakin rijiya, taku bakwai. Ya dawo ya zauna bai dube ni ba.

A nan 'yata ta yi nishi daga bayan ƙofa. Mijinta ya miƙe, karo na farko ya yi mini magana kai tsaye, ya ce Inna a ba shi izini ya kai ta asibiti, maganar takarda a yi ta daga baya, duk abin da aka yanke zai bi. Ƙanen mijina ne ya ce ɗauki matarka. Ibon nan ya ruga ya samo mota. Likitoci suka ce taifot ne, suka riƙe ta kwana goma sha ɗaya. Daga can gidan mijinta ta wuce, ba wanda ya sake tayar da zancen saki. Ta haihu kafin lokaci, jaririya 'yar mitsitsiya da muka yi wata biyu ba mu san ko za ta zauna ba. Allah ya raya ta. Har yau idan na ga siraran hannuwanta sai in tuna allon da nake wankewa.

Babban idon nan surukina bai sake samun irinsa ba, Ibon ya nema har ya gaji. Ƙarfen yana nan a shagonsa da tsohon madubinsa, yakan leƙa jefi-jefi, amma bai sake yi masa wani gyara ba. Bai taɓa tuna mini ba ko da wasa, wannan kuwa ya fi mini zafi a kan a ce ya zage ni.

Abin da nake son iyaye mata irina su ji shi ne, duk abin da na gani da idona gaskiya ne. Gashin gaskiya ne, jinin gaskiya ne, ruwan da ya ƙi sha gaskiya ne. Ban ƙara ko ɗaya ba, amma na haɗa su na gina ƙarya, saboda na riga na yanke hukunci kafin in fara kallo. Na iya sa ido, ban iya tambaya ba. Sau uku aka zo gaya mini, masu haƙa da 'yata da mai garuwa, sau uku na toshe bakin mai faɗa. Kunya tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba, amma idan kin ga surukinki ko 'yar farinki suna kewaye-kewaye, ki nemo wanda ba ya jin nauyinki ki aika ya tambayo, tun kafin ki ɗauko yarinya daga ɗakinta. Idan kuma kin ga mutum yana ɓata lokacinsa a kan abin da ba ki gane ba, rashin ganewarki ba shaida ba ce a kansa. Masu haƙa masai kuma idan sun ce wuri ya yi kusa, ki matsa.

Washegarin zaman nan, da na idar da sallar asuba, na ciro tsohuwar ƙofar ɗakin mijina na kife a bakin rijiyar, na ɗora turmi a kai. Na ɗauki bokiti na fita famfon unguwa na bi layi a bayan matan da shekara da shekaru suke roƙon ruwa a gidana. Suka matsa za su ba ni wuri, na ce a'a, zan jira. Na kawo na tafasa, na bar shi ya huce, na zuba a jarka na tafi asibiti a ƙafa. Na tarar da surukina zaune a dakalin ƙofar ɗakin mata da rigar jiya. Ya zabura zai cire takalmi ya tsuguna, na riga shi durƙusawa. Na tsiyaya ruwan a kwanon shan nan na Juma'a na miƙa masa hannu da hannu, na ce na famfo ne, na tafasa. Ya karɓa ya shanye duka, ya miƙo mini kwanon na ƙara masa.